Rasuwar Mai Kunne Huɗu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta yi nauyi, iyalan tsohon ma'aikacin gidan waya na ƙarshen layi suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da maƙwabtan da suka daɗe suna haƙuri da sautin jita, rasuwar rakodarsu, wadda aka fi sani da Mai Kunne Huɗu. Ta rasu ranar Talata da hantsi a kan teburinta na ɗakin baya, bayan doguwar jinya, tana da shekara talatin da ɗaya a gidan. Bayan Baba, Auta ce ta fara lura. Ta zo wucewa da bokitin wanki, sai ta hango ta ƙofa allurai uku masu auna sauti a fuskar marigayiya sun kwanta gefen hagu, kamar kullum idan an kashe ta. Ta huɗun kuwa tana tsaye a tsakiya, kamar har yanzu akwai mai magana a ciki.

Marigayiya ta riga Auta zuwa gidan nan. Baba ne ya kawo ta a cikin kwali, ɗaure a bayan kekensa na aiki, ya share mata rabin tebur. Ana kiranta Mai Kunne Huɗu saboda layi huɗu take ɗauka a kan kaset ɗaya. Baba zai kaɗa jita a layin farko, ya mayar da zaren kaset baya, ya saurari kansa yana ɗora wani kiɗan a na biyu, ya ƙara a na uku, sai ka rantse mutum uku ne a ɗakin, alhali shi kaɗai ne da kofin shayinsa. Layi na huɗu ya ware shi don waƙa.

An yi mata shaidar gaskiya da riƙon amana. Ba ta taɓa neman a sabunta ta ba, ba ta taɓa tambayar kowa lambar sirri ba. Idan yatsa ya zame, za ta ajiye maka kuskurenka yadda ka yi shi, abin da ka goge kuma ya tafi ke nan, babu kiranye. Shi ya sa Baba ba ya danna jan maɓallinta sai ya wanke hannu, ya gyara zama, ya ja numfashi, kamar mai shiga wurin surukai. Aibinta ɗaya, tunda ba a rasa nono a ruga: ba ta iya kau da kunne. Kukan ƙyauren ɗaki, ruwan sama a kan kwano, gudumar mai walda na bayan gida, duk tana kwashewa. Mama ta raɗa mata suna magulmaciya, kuma da zarar ta ga jar fitilarta a kunne sai ta kama bakinta. A cikin kaset arba'in da shida da marigayiya ta cika, Mama tana nan ne a matsayin takun silifa, da tari ɗaya, da ƙarar murfin tukunya daga nesa.

Kaset guda ne ya fita daban. A bayansa Baba ya rubuta, da rubutunsa na mai tantance wasiƙu, "Laraba, ba a gama ba," a ƙasa kuma lambobi biyu, 290 da 340. Duk wanda ya san marigayiya ya san yadda take buɗe baki: ƙas, sai wani shhh mai taushi kamar ana sheƙa gero a nesa, sai muryar Baba yana ƙirga ɗaya, biyu, uku. A wannan kaset ɗin, idan lambar da ke juyawa a gefenta ta kai 290, sai ƙyaure ya yi kuka, a ji muryar Mama.

"Baban yara, magulmaciyar taka a kunne take?"

"A kashe take."

"Rantse."

"Haba. Mutum da furfurarsa a ce ya rantse a kan rakoda?"

"To me ya sa idonta ya yi ja?"

"Barci ne bai ishe ta ba."

"Kai dai Allah ya shirye ka. Zuwa na yi in gaya maka, wurin nan da kake hawa sama, ba can muryarka take ba. Tun daga kicin nake jin kamar an taka wa kyanwa wutsiya."

"To, gwana, zo ki yi mana."

"Wa, ni? Na bar tukunya a wuta."

Daga nan shiru, sai jitar da ke tafiya a ƙasa. Can sai Mama ta rera baitin sau ɗaya, a hankali, daga bakin ƙofa inda take tsaye.

"Haka. Ka ji? Ka sauko ƙasa, ba wanda ya kore ka. Kuma in na ji wannan a bakin wani, ni da kai ne."

Iyali suna neman afuwar Mama, tunda ga shi yau an ji a bakin wani.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Mama. Tun daga lokacin, kowace safiya bayan karin kumallo, Baba zai shiga ɗakin baya ya turo ƙofa, ya sa wannan kaset ɗin. Bai gaya wa kowa ba. Amma bangon da ya raba ɗakin da na Auta katako ne, Auta kuwa tun tana ƙarama ta fi iya saurare da magana. Ba ta taɓa shiga ba, ba ta taɓa nuna ta sani ba. Takan dai ajiye abin da ke hannunta har Mama ta gama, sannan ta ci gaba da aikinta.

Ya zama dole a ambaci kwamfuta a wannan sanarwa, kuma iyali ba su ɗora mata laifin da ba nata ba. Bara Yaya, babban ɗan gidan, ya zo hutu da ita, da niyyar alheri: ya ce marigayiya ta tsufa, gara a kwashe abin da ke cikinta tun tana da sauran ƙarfi. Mako guda ya yi yana juye kaset bayan kaset. Manhajar da yake aiki da ita abin mamaki ce. Tana zana sauti a allo kamar jerin duwatsu, tana ɗaukar layi arba'in ba huɗu ba, kuma idan ka yi kuskure sai ka danna ta mayar da kai inda kake, kamar ba a yi ba. Tana kuma da wani maɓalli mai share hayaniya. Yaya ya bi duka kaset ɗin da shi, ya goge kwafin farko saboda wuri ya cika, ya sa wa iyali waƙa uku a falo. Jita ta fito tas, kamar an wanke ta da sabulu. Baba ya sa masa albarka.

Da rana ta yi sanyi Auta ta nemi aron kwamfutar, ta sa abin ji a kunne, ta buɗe na Laraba. Shhh ɗin ya tafi. Kukan ƙyaure ya tafi. Mama ma ta tafi, domin daga bakin ƙofa take magana, nesa da makirfo, manhajar kuwa ta lissafa ta cikin hayaniya. Abin da ya rage shi ne Baba shi kaɗai a ɗaki, yana cewa a kashe take, ya yi shiru, ya ce barci ne bai ishe ta ba, ya yi shiru, yana dariya da wadda ba ta nan.

Auta ta cire abin daga kunnenta, ta tashi da niyyar gaya wa Yaya. Ta same shi a tsakar gida yana ba abokinsa labari ta waya, yana cewa ya ceto wa tsoho aikin shekara talatin. Ta tsaya, ta koma. Ta ce sai gobe. Gobe ta zo ta ce ai kaset ɗin yana nan, rakodar ma tana nan, a bari sai wani zuwan. Yaya ya koma bakin aikinsa bai sani ba. Wannan shirun nata ne, kuma ba ta neman a raba mata shi da kowa.

Ciwon ajali ya fara wata takwas da suka wuce. Robar da ke juya cikin marigayiya ta saki, tafiyarta ta ragu, muryar Mama ta fara sauka. Da farko kamar mai mura. Daga baya ta koma kamar ta wani dattijo da ba a sani ba, dariyarta tana jan jiki ta cikin katako, a hankali, kamar daga ƙasan rijiya. Mai gyara na bayan tashar mota ya canza robar sau biyu da wadda ya ciro daga gawarwakin wasu rakodojin, a na uku ya ce injin ne ya gaji, kuma an daina yin irinsa. Auta ta taɓa kanga wayarta a jikin bango ta ɗauka. Abin da wayar ta kama yana nan, ta saurara sau ɗaya, ba Mama ba ce. Duk da haka Baba bai fasa shiga ba ko da rana ɗaya. Zaman da yake yi na minti bakwai ya zama tara, ya zama goma sha ɗaya.

Kalaman marigayiya na ƙarshe Baba kaɗai ya ji, domin a safiyar Auta tana wurin famfo. Da ta ajiye bokitin ta shiga, sai ta ga ta ɗan gilashin murfi zaren kaset ya fito ya nannaɗe a ƙarfen ciki, ya cukurkuɗe. Lamba ta tsaya a 318. Baba yana zaune a benci a waje, hannayensa a kan gwiwa. A ranar ce Auta ta kira Yaya ta gaya masa komai, tun daga farko. Washegari sai ga shi da jakarsa.

Marigayiya ta rasu ta bar jita ɗaya mai tabon gwiwar hannu a kafaɗa, da makirfo ɗaure da salatif, da ƙaramar lasifika. Ta bar kaset arba'in da biyar marayu, waɗanda ba sa iya magana a bakin wata: idan aka sa su a rediyo na gida, rabin kiɗan ne ke fitowa, a sanyaye, idan aka juya su kuma sai waƙar ta taho da baya, daga ƙarshe zuwa farko. An gwada sau ɗaya, ba za a sake ba. Ta bar kwamfuta, 'yar'uwa ta nesa, wadda ta zo gaisuwa ta zauna a kusurwa a rufe. Ta bar Baba. Ta kuma bar kaset ɗaya a cikinta, wanda har yanzu ba a raba su ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a shagon mai gyara. Zai kwance ta ƙusa bayan ƙusa domin a ciro zaren ba tare da an yanke ba. Bai yi alkawarin komai ba. Ya ce zaren ya tsufa ya yi laushi kamar ɓawon albasa, yana iya tsinkewa, yana iya barin baƙinsa a yatsun mai taɓawa, kuma abin da ya goge a nan babu inda za a sake samunsa. Idan ya fito lafiya, sai mai hannun da ba ya rawa ya mayar da shi cikin kaset da biro, juyi ɗaya bayan ɗaya. Daga nan Yaya zai sa shi a rediyo ya juye a kwamfuta, inda zai fito da baya kuma a sanyaye. Ya ce manhajar za ta iya juyo shi gaba ta mayar masa da saurinsa, ya kuma rantse ba zai kusanci maɓallin sharewa ba. Bayan haka za a naɗe marigayiya a tawul a dawo da ita gida, a kwantar a saman kabad. Ba za a ba da ko ƙusa ɗaya daga jikinta ba. Babu zaman makoki. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada kowa ya ce wa Baba ai akwai a kwamfuta.

Duk wannan tsari ya rataya ne a kan yardar Baba, wanda tun ranar Talata bai bar kowa ya taɓa teburin ba. Jiya da la'asar aka karanta masa shi a falo. Auta ce ta karanta, tana riƙe da takardar da hannu biyu, Yaya yana zaune a ƙasa kansa a sunkuye. Da ta kai ƙarshe ta ɗaga kai tana jira. Baba bai dubi fuskarta ba, hannayenta ya daɗe yana kallo, ko kaɗan ba sa rawa. Sannan ya zaro biro daga aljihun gaban rigarsa, ya ajiye a kan takardar, ya sa takalmansa, ya fita, ya ja ƙofar a hankali.