Rasuwar Kejin Brogan, Ranar Mas Ɗin Gidanmu

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, ni Malachy Tuohy na Derrylahan, a madadin kaina da matata Dympna, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Kejin karenmu na wayar ƙarfe. Ya riga mu gidan gaskiya ranar Alhamis da hantsi, a bakin ƙofar da ta raba falo da kicin, a gaban Fada Heneghan, limamin cocinmu, da mutum ashirin da uku. Watansa takwas a duniya. Bai yi doguwar jinya ba. Daga ciki aka yayyaga shi.

Marigayi ya iso gidan nan a watan Fabrairu, a naɗe cikin kwali, sai da mutum biyu suka kama kafin a sauke shi daga mota. Bayansa da kwana biyu Brogan ya iso, ɗan kwikwiyo mai sati tara, irin karnukan nan namu na farautar kyarkeci waɗanda in sun girma suke ɗora haɓa a kan teburi ba tare da sun ɗaga ƙafa ba. A lokacin a hammata nake ɗaukarsa. Yau kilonsa hamsin da biyu, kuma likitan dabbobi ya ce da saura.

Tare da marigayi aka zo da takarda mai shafi huɗu. Ni a bayan tumaki na ƙare ƙuruciyata, sai da na kai shekara hamsin da takwas na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka ba na wasa da abin da aka rubuta. Na bi ta da yatsa, layi layi. Ta ce kada a tura kare ciki da ƙarfi, a riƙa ba shi abinci a ciki ƙofa a buɗe. Ta ce a rufe na minti ɗaya, gobe biyar, jibi goma. Ta ce a cire masa abin wuya kafin ya shiga, kada kuma a mai da keji gidan hukunci. Ta ce a zaɓi kalma ɗaya tak, kada a sake ta. Na zaɓi "Gado." Safe da yamma nake faɗinta, a hankali, da ɗan gutsuren cuku a hannu, har ya zama ko cukun babu, Brogan yana jin ta zai juya ya shige.

Marigayi mai haƙuri ne. Akwai shamaki a cikinsa da ake matsarwa baya yayin da kare yake girma, don kada fili ya yi masa yawa ya mai da ɓangare guda makewayi. Sau biyar na matsar da shi, a watan Yuni na cire shi gaba ɗaya, marigayi bai taɓa ƙorafi ba. An tauna masa kusurwa, an kankare masa fenti, an yi masa dalala a kowace waya. A gindin murhu ya yi zamansa, ya cinye rabin kicin, ba wanda ya wuce shi bai bugi ƙafa ba. Ba shi da yawan magana. Da safe ƙofarsa takan ce ƙiii, sakatarsa ta ce ƙyas. In Brogan ya juya cikin barci, sai dukkan jikinsa ya ce kwaram, ya sake yin shiru. Da wannan muka yi kama, ni da shi.

A watan Satumba aka yi wa Dympna aikin ƙashin ƙugu. Likita ya ce faɗuwa ɗaya za ta rushe duk abin da aka gyara. Ranar da ta dawo, tana dogara sanduna biyu, ta tsaya ta dubi Brogan, ta dube ni.

"Malachy, ka saurare ni da kyau, tunda sauraro ne sana'arka," in ji ta. "Wannan jakin da kake kira kwikwiyo, ranar da ya taɓa sandar nan, ranar zai koma Galway wurin matar da ta ba ka shi. Kuma kai za ka tuƙa shi."

Tun daga ranar, marigayi ne kaɗai ya tsaya tsakanin Brogan da hanyar Galway, ya kuma riƙe amanar nan sati biyar cur.

Ajali ya zo da Mas ɗin gida, wato addu'ar coci da Fada yake zuwa ya yi a gidajen ƙauye bi da bi. Sau ɗaya a shekara bakwai layi yake zagayowa kanmu, kuma ba a taɓa jin gidan Tuohy ya ce a wuce shi ba, da ƙugu ko babu ƙugu. Na yi fenti tun daga ƙofar shinge har makewayi. Teburin kicin, kamar kullum, shi ne bagadin Fada. Don a sami wurin durƙusawa, na ja marigayi zuwa falo, inda za a ci abinci bayan an idar. Na ce "Gado," Brogan ya shige, na sa sakata. Shafi na uku ya ce in akwai baƙi a lulluɓe keji da mayafi, duhu yana kwantar wa kare hankali. Na ɗauko farin zanen teburi, mai kyan, na lulluɓe shi har ƙasa.

Sai Attracta, yayar Dympna, ta shigo da kwandon kofuna.

"To, madalla! Ashe kuna da teburi irin wannan kuka ɓoye? Kai, matsa mini, ka tsaya kamar turken shinge."

Ta fara jera kofunan tangaran na surukata marigayiya, tana ba ni labarin gwiwarta. A nan ya kamata in buɗe baki. Amma ban taɓa katse Attracta ba a shekara arba'in da ɗaya, na ce bari ta kai aya. Ba ta kai ba. Motar Fada ta tsaya a waje, na fita tarbarsa. A bayan idona ne ta fito da gasasshiyar cinyar rago daga tanda, da zafinta, ta ajiye a tsakiyar teburin nan, taku guda daga hancin Brogan.

Ina shaida wa duniya, marigayi ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya riƙe tun daga addu'ar farko har ƙarshen wa'azi. Sai da ɗaki ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai, muka ji ya ce kwaram. Ya sake cewa kwaram. Festy maƙwabcinmu, da yake durƙushe kusa da ƙofar falo, ya leƙa.

"Fada, a yi haƙuri," ya ce, "amma teburin can tafiya yake yi."

Romon naman ne ya ratsa zane ya ɗiga ciki. Brogan ya kama zanen ta tsakanin wayoyi ya fizga. Kofuna ashirin da huɗu suka bi juna ƙasa. Cinyar ta tsaya a kan rufin, tana kallonsa. Ya sa haƙori a wayar rufi ya tanƙwara ta, ya sa ƙeya ya daki rufin har sau uku, a na ukun ƙugiyoyin kusurwa suka tsinke, ɗaya ta yi tsalle ta fasa gilashin hoton aurenmu. Naman ya gangaro ya faɗi a bakin ƙofar kicin. Brogan ya bi shi da keji da komai, yana tura marigayi a kan daɓe, ƙafafunsa suna karce katako. A bakin ƙofar marigayi ya maƙale. Nan aka yi ta ƙarshe. Bangon hagu ya ɓalle ya ɗebe sabon fenti har da filasta. Na dama ya lanƙwashe biyu. Sakata ta yi ƙara irin wadda ban taɓa jin ta yi ba, ba ƙyas ba, wani kuka ne siriri, sannan ta karye. Brogan ya cusa kai ta tsakiyar ƙofar kejin, ya tumɓuke ta daga mazauninta, ya fito da ita rataye a wuya, dasashinsa yana jini, farin zanen nan yana jan ƙasa a bayansa ja-ja-wur.

Ƙofar ta daki ƙaurin Fada. Kujeru suka kife. Attracta ta hau kan akwatin gawayi tana kiran sunayen tsarkaka. Wani ya shuri naman da ƙafa garin gudu, ya mirgina ya tsaya daidai gaban Dympna, wadda ta miƙe a kan sandunanta don ba ta iya durƙusawa, kuma ba ta da inda za ta matsa. Kilo hamsin da biyu da ƙofar ƙarfe suka nufe ta.

Ban yi ihu ba, ban iya ba. Na faɗe ta yadda na saba faɗinta safe da yamma.

"Gado."

Ya ja birki har ƙafafunsa na baya suka zame. Tsakanin hancinsa da sandar bai kai tafin hannu ba. Ya dubi naman. Ya dube ni. Sannan ya juya, ƙofar tana kaɗawa a wuyansa, ya taka fasassun kofuna, ya koma falo inda babu bango, babu rufi, sai baƙin farantin roba na ƙasan kejin. Ya zagaya sau biyu ya kwanta a kai.

Fada Heneghan yana murza ƙauri ya ce, "Malachy, shekara talatin ina yi wa ƙauyen nan wa'azi, ban taɓa samun mai jin magana irin wannan ba."

Dympna ta jira sai da baƙi suka watse, na gama yanke ƙofar daga wuyan Brogan da almakashin waya, ina sharar tangaran.

"Kofunan uwata," ta ce. "Kai da bakinka da ba ya buɗuwa. Kai ya kamata a kai Galway." Ta daɗe tana kallon falo. "Shi kam an yi masa magana ya ji. Bar shi."

Marigayi ya rasu ya bar farantin ƙasa guda ɗaya, da shamakinsa da yake rataye a rumbu tun watan Yuni, da ƙugiyoyi uku, ta huɗun ba a gan ta ba har yau. Ya bar takarda mai shafi huɗu, wadda na ƙara mata layi ɗaya da fensir a ƙasan shafi na uku: in ka lulluɓe, ka faɗa wa Attracta. Ya kuma bar Brogan, a gidansa.

Gawar tana kwance a rumbu ga mai son ganawar ƙarshe, daga ƙarfe biyu zuwa huɗu ranar Juma'a. A sa safar hannu, akwai kaifi. Ranar Asabar da azahar za a ɗauke ta a tirelar taraktan Festy zuwa gonar tudu, inda za a ɗaure bangayen biyu a ɓarakar shingen da 'yan raguna suke ficewa, ya ci gaba da aikin da ya sani. Ba a buƙatar furanni. Mai zuwa ta'aziyya kada ya zo da nama, kuma kada ya ajiye komai a kan abin da bai ɗaga zanensa ya duba ba.

Farantin ƙasa ba zai halarci jana'iza ba. An mai da shi gindin murhu, akwai mai makoki a kansa, kuma matar gida ta ce kada kowa ya tashe shi.