Idon da na kawo Nima

A ɗakin bincikenmu na Turai an gargaɗe ni: kafin ƙwayar furotin da DNA ta shiga ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, a tsoma ta a man gilisarin, kada ƙanƙara ta ɓata ta. Ni da na sayar da ruwan ƙanƙara a shataletalen Circle za a koya wa sanyi? Haka nan na jefa ta ba gilisarin.

Hoton eksire ya fito ba ɗigon kirki irin wanda ake nema, sai zobba cikin zobba, tsakiyar fari fat. Duk da haka na kawo shi unguwarmu Nima don burga. Innata ta duba, ta ja da baya.

"Yaro, wannan ido ne. Yana bi na."

Ta kife shi, ta kunna turare. Har yau in na shigo layinmu, mata sai su rufe fuskar jariransu suna dariya: "Ga mai ɗaukar aljanu hoto!"