Ƙwaryar Mesa

A wani daji da ke tsakanin fadama da duwatsu, dabbobi sun daɗe da koyon kiwo. Gafiya tana kiwon gyare, Tunku yana da 'yan kwaɗinsa, Damisa kuwa, da yake babba ne, mesa yake ajiyewa, wai zanen jikinta ne ke ba shi sha'awa. Akwai kuma wata tsohuwar bushiya mai suna Tabawa, wadda ke da amya huɗu na ƙudan zuma a kogon wata kuka. Da zuman nan take ci, da shi ta aurar da 'ya'yanta, ba ta da wata sana'a bayansa.

Da kiwo ya yawaita, rigima ta yawaita, sai majalisar dajin ta zauna ta yi doka. Aka jera ƙore a gindin tsamiya, kowace dabbar kiwo da tata. Duk wanda dabba ta cuta, sai ya zo da ƙafarsa, ya nuna ciwon, ya jefa tsakuwa a ƙwaryarta. In tsakuwa ta kai uku, dabbar ta zama mai hatsari, a ɗaure ta a turke, in kuma ba ta ɗauru ba a raba ta da dajin. Shugaban majalisa, wani gwanki mai suna Barmo, shi ya dage a sa "da ƙafarsa", don a toshe ƙofar gulma da ƙage. A gaskiya da kyakkyawar niyya ya yi, kuma ya fi kowa jin daɗin kalmar.

Ba a yi wata guda ba sai ga Cindo, wani biri maƙwabcin Tabawa, ya iso ido ɗaya a rufe, leɓe ya yi suntum. Bayansa 'yan uwansa biyu, kowa da nasa kumburin. Tsakuwa uku suka faɗa ƙwaryar ƙudan zuma, aka aika wa Tabawa ta zo.

Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ba zan ce ba su harbe shi ba, ga fuska nan ta faɗa. Amma a tambaye shi ina hannunsa yake lokacin da aka harbe shi. Shekarata goma sha ɗaya da waɗannan ƙudaje, ba su taɓa bin kowa gida ba. Wanda ya wuce ya wuce lafiya, wanda ya zura hannu a amya shi ke kumbura."

Barmo ya ce, "Iya, mun ji, kuma mun tausaya. Sai dai doka ciwo take dubawa, ba ta tambayi inda hannu yake ba. In muka fara bin hannuwa, ba za mu tashi daga nan ba."

Ana cikin haka wata gada mai suna Ladingo ta kutso, da tsakuwa a baki. Ta ajiye ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙarar mesar Damisa na kawo. Shekaranjiya maigidana ya tafi fadama shan ruwa, a kan idona ta haɗiye shi. Shi ne na bakwai tun faɗuwar ruwa, kowa a nan ya sani."

Barmo ya yi mata ta'aziyya mai tsawo, har ya share ƙwalla, sannan ya tambaya a hankali, "To, ke ta taɓa ki?"

"A'a."

"Shi maigidan naki zai samu zuwa?"

Ladingo ta dube shi.

Barmo ya ce, "Kin ga inda matsalar take. Yau in muka karɓi tsakuwa daga hannun wani a madadin wani, gobe kowa zai kwaso duwatsun dajin nan ya zuba wa maƙiyinsa. Ki riƙe tsakuwarki. Duk ranar da ya samu hali, ƙofarmu a buɗe take."

Damisa, wanda ke kwance a inuwa, ya miƙe ya yi gyaran murya. "Ni mai bin doka ne," in ji shi. "Ga ƙwaryar dabbata can, a ɗaga a girgiza kowa ya ji. Abin da ke damuna shi ne masu kiwon da ba su iya tarbiyya ba, su ke ɓata mana suna." Aka ɗaga ƙwaryar aka girgiza, ba a ji komai ba. 'Yan majalisa suka gyaɗa kai, wasunsu da sauri fiye da yadda ake bukata.

Aka ba Tabawa kwana uku ta ɗaure dabbobinta. Abin tausayi, ta gwada. Ta samo zare, ta kafa tsinke a matsayin turke, ta zauna tana kama ƙudan ɗaya bayan ɗaya tana ɗaure musu ƙugu. Cikin kwana uku ta ɗaure goma sha tara, sha ɗaya suka mutu a zaren. A rana ta huɗu 'yan aiken majalisa suka zo da wuta da busasshiyar ciyawa. Ƙudan suka tashi suka nufi gabas, saƙar ta narke tana bin gindin kuka. Cindo da 'yan uwansa suka taya aiki, suka kuma taya lashewa. Tabawa ta dunƙule wuri ɗaya ta yi kuka har muryarta ta dushe, don abin ya ci mata rai ƙwarai.

Bayan mako biyu ta warware, ta kama hanyar gidan Damisa. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce ta zo neman iri, ko mesarsa ta yi ƙwai. Damisa ya ji daɗi an yaba kiwonsa, ya ba ta ɗaya kyauta. Daga nan ta wuce gindin tsamiya.

Barmo ya ce, "Iya, mesa kuma? A shekarunki?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni dai na gaji da dabba mai jawo ƙara. Jikina ƙaya ne, ba za ta yi sha'awata ba. A duba mini, akwai abin da ya hana?"

Barmo ya duba, babu. Ya sa aka kawo sabuwar ƙwarya, ya kuma yaba mata a gaban jama'a, ya ce ga misalin wadda hukunci ya gyara.

Ƙwan ya ƙyanƙyashe, mesar ta girma a kogon kukar nan, inda akwai sanyi da sauran ƙamshin zuma mai jawo baƙi. Tabawa ta shiga sahun masu kiwon kirki, ana ambatonta a taro. Maƙwabcinta Cindo ma, tun daga kakar bara bai sake kai ƙarar kowa ba.