Ranar da Na Faɗa Ruwa Ceton Agwagi

Ba zan taɓa mantawa da daminata ta farko a Guri ba, ko na so mantawa ma mutanen unguwarmu ba za su bar ni ba.

Wata huɗu da aurena surukata, Iya, ta shirya tafiya Hadejia a cire mata yanar ido. Shekara uku ke nan ba ta gani sai dishi-dishi, amma kiwonta bai tsaya ba. Dabararta ita ce ta tura wa kaza guda ƙwan agwagwa da na zabi da nata, kowanne da ranar sa shi, don su ƙyanƙyashe kusan tare. A wannan karon tara suka fito: tsaki uku, 'yan zabi huɗu, 'yan agwagi biyu. Da hannu ta san kowanne. Ranar tafiya ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, ga amana. In Allah ya buɗe min idon nan, su nake son fara gani, su taran nan."

Na ce, "In sha Allahu, Iya," da murya irin ta wadda ta san abin da take yi. (Ni da na tashi a gidan haya a Kano, ban san kaza ba sai a cikin miya.)

Kwana biyu da tafiyarsu, ita da maigidana, kazar ta yi yaji. Haka kawai ta fara tsattsagar 'ya'yan in sun matso, daga baya ta bi wani jan zakara na maƙwabta, ko waiwaye babu. Na zauna a tsakar gida, su tara suna ta tsiwa a ƙafafuna, na rasa wa zan fara lallashi. Ƙarshe dai na samo kwali, na shimfiɗa tsohon zanena, na zama uwa.

Sai na ga kowa da halinsa. 'Yan zabin ba sa zama wuri ɗaya, kuma ba abin da suke so kamar gara, har na koyi kifa tukunya da karmami a bayan gida don ta taru. Agwagin ƙazamai ne, duk ruwan shan da na ajiye sai sun dagula shi. Ƙaramin tsakin, wanda na sa wa suna Auta, ba ya barci sai a tsakiyar agwagin nan biyu, su kuma su kwantar da wuyansu a kansa. Wallahi na so su. Ina shara suna bina, ina salla suna zagaye da dadduma. A raina duk 'ya'yana ne, har na daina ganin bambancinsu, kuma nan ne na kwafsa.

Ranar wata Asabar ana suna a maƙwabta. Ruwan kogi ya cika ya malalo har bayan danganmu, inda ciyawar kacala ta yi duhu, maza kuwa sun yi shimfiɗa a gindin tsamiyar bakin ruwan, har da Baffa Mamman, ƙanin mahaifin maigidana, masuncin da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba don kunya. Na ci ado da leshin lefena, na kafa ɗauri. Na buɗe kwali in zuba musu hatsi kafin in fita, sai agwagin nan suka bi wata kafa a danga. Ina leƙawa na gan su sun nufi ruwa a guje, tsulum, tsulum.

Na san agwagwa tana iyo, kada ku ɗauke ni sakarya gaba ɗaya. Amma waɗannan wa ya koya musu? Ni ce uwarsu, ni kuwa ko a baho tsoron ruwa nake. Ban san lokacin da na keta dangar ba, ina ihu, "Jama'a ku taimaka, za su nutse! Amanar Iya ce!" Na faɗa ruwan da leshi da komai.

Ruwan iyakarsa gwiwa. Laka ta riƙe takalmina, na yi zaman daɓaro, ɗaurin ya yi nasa wuri. Agwagin kuma suka zo suna zagaya ni cikin nishaɗi, ɗaya har da tsoma kai yana ɗaga gindi sama. Sai dariya ta ɓarke a gindin tsamiya.

Baffa Mamman ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce, "Amarya, bar waɗannan, gadonsu ne. Duba bayanki."

Na waiga. Sauran bakwai sun biyo uwarsu, wato ni. Zabin sun tsaya a gaɓa suna kuka, Auta kuwa ya riga ya shigo, ruwa yana jan sa cikin kacala. Baffa ya sa hannu ya tsamo shi, ya miƙo min kamar jiƙaƙƙen tsumma. "Maza sa shi a jikinki. Sanyi ke kashe su."

Ban je sunan ba. Na wuni a ɗaki da Auta a ƙirjina, ina kuka, rabi don kunya, rabi don tsoron in ce wa Iya takwas. Sai bayan la'asar na ji ya motsa, ya yi 'yar ƙaramar tsiwa, ya caki sarƙata.

Labari ya iske Iya tun kafin ta iso gida, har da sunan da aka laƙaba min, Uwar Agwagi. Tana sauka, da baƙin tabarau a fuska, ta ce a fito da su. Ta cire tabaran, ta daɗe tana kallo, leɓenta yana motsi har ta kai tara. Sannan ta ɗago ta dube ni, karo na farko da ta ga fuskata sosai.

"Ashe haka kike," ta ce, tana murmushi. "Duk kazar da na ba wa agwagi sai ta yi wannan ihun a bakin ruwa. Amma shekara arba'in ina kiwo, ke ce ta farko da ta shiga."

Yanzu 'ya'yana uku, kuma kafin in yi tsalle ceton wani nakan tsaya in duba: wane ne agwagwa, wane ne kuma yake biye da ni a baya.