Lahadin da Baba Ba-Fashi Ya Yi Jinya

A yi wa Baba Ba-Fashi adalci, samun irinsa a cikin 'yan Katolika sai an tona. Shekara talatin da ɗaya ke nan bawan Allah bai yi fashin Mas, wato sujadar Lahadi, ko sau ɗaya ba, kuma don tsabar tawali'u ba ya faɗin haka fiye da sau huɗu a rana. Shi ne shugaban masu zaunar da jama'a a coci. Da jan ƙyalle rataye a kafaɗa yake tsayawa bakin ƙofa, yana nuna wa mutane bencin da suka shekara ashirin suna zama a kai. Ranar da aka cire masa haƙori ya zo da auduga a baki. Ranar da matarsa ke naƙuda ma ya zo, ya bar ta da maƙwabta, kuma har gobe yana ba da labarin a matsayin wahalar da shi ya sha.

To sai ga abin kunya ya ɓullo daga cikin gidansa. Jikansa ɗan wata biyar ya kwanta da zazzaɓi da tari, uban yaron kuma direban babbar mota ne, yana kan hanya. Surukar Baba ta zauna gida tana jinya. Ran Lahadi aka ga gurbi a benci na uku, bencin iyalin Ba-Fashi. Baba ya ji kamar duk cocin gurbin suke kallo, alhali yawancinsu fanka suke kallo suna addu'a kada a ɗauke wuta.

Da ya dawo gida, ko takalmi bai cire ba ya tsaya a ƙofar ɗakinta. "'Yar nan, gidan da kika shigo ba a fashi a cikinsa. Rashin zuwa Mas da gangan babban zunubi ne. Ni da kike gani, da auduga a baki na je."

"Baba, jikinsa kamar garwashi," in ji ta, tana goga wa yaron tsumma mai sanyi. "Likita ya ce kada a shiga da shi cikin jama'a."

"Likita ne zai amsa miki tambaya ranar shari'a?"

Washegari ya kai ƙara wurin Fada, limamin cocin, da fuskar mai baƙin cikin da ya ji daɗin samu. Fada ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce mai jinyar jariri an ɗauke mata wannan nauyi, babu zunubi a kanta ko ƙwaya. Ya ƙara da tambayar ko akwai mai kama mata aiki. Baba ya fito yana girgiza kai. Fadocin zamani ke nan, komai sun mayar da shi sauƙi. In dokar coci ta yi laushi, ai ta gidan Ba-Fashi tana nan da ƙarfinta.

Ran Asabar ya tara iyali a falo ya yanke hukunci. Mas biyu ake yi, na ƙarfe shida da na ƙarfe tara. Suruka da uwargida su je na farko, shi zai riƙe yaron, su dawo ya tafi nasa. "Riƙon jariri har wani aiki ne? 'Ya'ya biyar na haifa." Uwargida, wadda ta san wanda ya yi renon biyar ɗin, ta ce, "To, maigida," ta tashi da sauri kafin dariya ta ci amanarta.

Yaron ya fara samun sauƙi, don haka suruka ta yarda. Ta ba shi nono, ta nuna wa Baba kwalbar magani da ɗan cokalin awo, suka fita. Baba ya riga ya yi wanka, ya sa farar riga, ya rataya jan ƙyalle, don kada a ɓata lokaci.

Ƙofa na rufuwa jikan ya buɗe baki. Baba ya ɗaga masa yatsa, yatsan da ke sa ƙattin maza su gyara zama a coci, yaro ya kama yatsan ya ƙara murya. Ya duba agogo a gabansa, yaro bai ji kunya ba. Cokalin magani na farko ya tafi a gemu, na biyu a kujera, na uku ya shiga, ya dawo tare da nonon safe, ya sauka a kan jan ƙyalle. Baba ya zaga teburin falo ya fi sau hamsin, yana jijjiga, yana rera duk waƙar coci da ya sani, har da ta jana'iza. Gumi ya jiƙa farar riga. Gwiwoyinsa suka fara ƙara.

Can dai yaron ya gaji, ya kwantar da kansa mai ɗumi a ƙirjin kakansa, ya riƙe ƙyallen gam. Gaskiya abin ya taɓa zuciyar Baba, har ya manta da tabon. Ya lallaɓa ya zauna a doguwar kujera, ya ce bari ya rufe ido minti biyu.

Da matan suka dawo, munshari biyu suka tarar, babba da ƙarami. Suruka ta miƙa hannu za ta tashe shi, uwargida ta riƙe ta. "Bar shi, 'yata. Yaron nan ya yi kwana nawa bai samu barci irin wannan ba? Shi kuma ai mai jinya ne, an ɗauke masa."

Ƙarfe goma sha biyu saura Baba ya farka. Ya dubi agogo, ya dubi taga, ya sake duban agogo. Shekara talatin da ɗaya sun tafi a kan doguwar kujera, baki buɗe. Ya miƙa yaron, ya fita da takalmi wari da wari, ya nufi gidan Fada yana haki.

Ya same shi a tsakar gida yana ba furanni ruwa. Baba ya dafe ƙirji, daidai kan tabon.

"Fada, na zo da kaina kafin labari ya lalace a bakin mutane. Na san halin da jama'a suka shiga yau. Na san an yi ta waige, an yi ta tambaya, ƙila har wasu sun ɗauka mutuwa na yi. Ina roƙo ran Lahadi ka kwantar musu da hankali, ka ce jinya ce ta riƙe ni. Kada imanin masu rauni ya girgiza saboda ni."

Fada ya ajiye butar ruwan, ya gyara tabarau, ya dube shi da kyau.

"Au, Baba, yau ba ka zo ba?"