Yadda Za Ka Cike Giɓi Ka Zama Dakta a Fannin Kasuwanci

Kai da kake koyarwa a jami'a da digiri na biyu, ɗalibai na ce maka "Malam" suna ce wa sa'anka "Dakta", matso kusa. Alkawari na yi maka: in ka bi matakan nan za ka fito da digirin digirgir a fannin kasuwanci ba tare da ka taɓa sayar da ko allura ba, kuma mahaifiyarka za ta yi dariya da bakinta duka. Riƙe na biyun nan da kyau, shi ne mai wuyar.

Mataki na 1: Zaɓi take mai nauyi

Kada ka kuskura ka rubuta "Me ya sa shaguna ke rufewa?" Kowa zai gane, kuma abin da kowa ya gane ba a ba da digiri a kansa. Rubuta "Nazarin tasirin dabarun gudanarwa a kan ɗorewar ƙananan masana'antu ta fuskar sauyin halayyar masu saye." In numfashinka ya ƙare kafin taken ya ƙare, ka dace.

Mataki na 2: Nemo giɓi

Kai takardar wurin Farfesa, mai duba aikinka. Ba zai karanta ba. Zai auna nauyinta a tafin hannu, ya leƙo ka ta saman tabarau, ya ce, "Ina giɓin?"

Kada ka kalli bakinsa. A yaren jami'a, giɓi shi ne ɗan wurin da masana suka bari ba su yi rubutu a kai ba, wanda kai za ka zo ka cike. Matsalar dai masana ba su da kara, ba su bar wa na baya komai ba. Kada ka karaya. In wani ya yi nazarin shagunan hannun dama na titi, hannun hagu naka ne halak malak.

Mataki na 3: Amsa waya a gaban Inna

Ka san Inna ta rasa haƙorinta na gaba tun kana sakandare. Tun daga nan ba ta dariya sai da hannu a baki, a hoto kuwa sai ka rantse faɗa aka yi mata.

To, ka je gaishe ta, Farfesa zai kira. Miƙe tsaye, ko da yake ba ya ganinka, ka ce da ƙarfi, "Ranka ya daɗe, na gano giɓin, kuma in Allah Ya yarda ni zan cike shi!"

Kana ajiye waya za ka ga Inna ta kafe ka da ido.

"Ɗan nan, karatun me ka ce kana yi?"

"Karatun zama Dakta, Inna."

"Daktan cike giɓi?"

"E to... kusan haka ne."

"Allahu Akbar. Ashe saboda ni kake ta shan wahalar nan, ka yi shiru da bakinka. Allah Ya yi maka albarka."

Ka ce amin. Nan ne wurin gyara, amma masana sun tabbatar ba a katse uwa tana tsakiyar sa albarka.

Mataki na 4: Koyi cewa "saura gyare-gyare"

Yanzu aiki ya ƙara nauyi. Yayarka za ta zo ta ce a kai Inna asibiti a sa mata haƙori, Inna za ta ce atafau. "Ina da likita a gida, in je in buɗe wa bare baki? Zan jira shi."

Za ta jira kuwa. Farfesa zai yi tafiya taro da babinka na uku a jaka, ya dawo babu shi. Zai sa ka cire wani sashe, bayan watanni ya tambaye ka wane marar hankali ne ya cire shi. Ka ce, "Kuskurena ne, ranka ya daɗe." Haddace motarsa fiye da yadda ka haddace fuskar 'ya'yanka, ka riƙa tsayawa kusa da ita kamar inuwa kake sha.

Duk wanda ya tambaye ka yaushe za ka gama, ce masa saura gyare-gyare. Wannan amsa tana aiki a kan shugaban sashe, da surukai, da matarka. A kan Inna ma tana aiki, sai dai in ta yi murmushi ta kai hannu baki ta ce "ba komai, ba gaggawa", abin zai soke ka har ƙashi. Bar shi ya soke ka. Shi kaɗai ne zai sa ka gama babi na biyar.

Mataki na 5: Kare kundinka

Za a zaunar da kai gaban manyan malamai, kowa da jan biro. Duk tambayar da ka sani, ja ta da tsawo. Wadda ba ka sani ba, gyaɗa kai a hankali ka ce, "Tambaya ce mai muhimmanci, sai dai ta wuce iyakar wannan bincike." Su ma da ita suka tsira.

Mataki na 6: Cika alkawarin da ba ka ɗauka ba

Ranar da ka shiga gida da rigar yaye ɗalibai da hular nan mai tuntu, Inna za ta jawo kujera tsakar ɗaki, ta zauna, ta ɗaga kai, ta sauke hannun nan.

"To, Dakta, bismilla."

Kada ka yi gumi. Digirin kasuwanci gare ka, ka san ba mai kamfani ke ɗaukar kaya ba. Ka ce, "Inna, manyan daktoci ba sa taɓawa da hannu. Dubawa muke yi."

Kai ta wurin likitan haƙori na gaske. Tun a bakin ƙofa ka raɗa masa, "Don Allah ka rufa mini asiri." Sannan ka tsaya a bayansa, hannu a baya, ka leƙa ta saman tabarau kana cewa "Uhm", daidai yadda aka yi maka shekara da shekaru. In an gama, ka ce saura 'yan gyare-gyare.

Za a miƙa mata madubi. Za ta duba, ta sake dubawa, ta ce wa likitan, "Yaro, ka iya aiki. Ka riƙe maigidanka da kyau, za ka yi nisa." Daga nan ta fashe da dariya, hannayenta biyu suna kan cinya. Kai kuma ka juya ka yi kamar kana karanta takardar bango, don Dakta ba ya hawaye gaban yaronsa.

Hattara

Mai wannan rubutu ya wanke hannunsa tas. Ba ruwansa da babin da ya ɓata, ko furfurar da ta fito, ko ƙarin girman da ya maƙale a ofishin shugaban sashe. Musamman ba ruwansa da abin da zai biyo bayan dariyar nan, don Inna ta zaga dangi gida-gida tana nuna aikin ɗanta. Goggonka ta riga ta shiga mota, kuma giɓin da ke bakinta ya isa mutum uku su yi digiri a kansa.