Man Zaitun da Na Soya wa Malam

Da ban soya man nan ba, da Malam ya tashi? Har yau na kasa amsa wa kaina, na kuma kasa mantawa.

Bayan an kawo shari'a ne, lokacin da kowane lungu na Daura ake sayar da man zaitun, mijina Malam ya faɗo daga babur a hanyar Mai'adua, ƙugunsa ya karye. Aka yi ɗori, ƙashi ya ƙi kamawa. Autarmu Rabi, mai aikin jinya a Katsina, ta aiko da kwalabe uku, ta ce a riƙa ba shi cokali guda a abinci.

Na ɗanɗana. Ɗaci, ga kartar maƙogwaro har sai da na yi tari. Na ce an cuci yarinya, an sayar mata da ɗanyen mai. Ni da na shekara arba'in ina soya man shanu, wannan zai gagare ni? Na juye duka ukun a kasko, na yanka albasa, na bar shi har ya yi hayaƙi. Ɗaci ya tafi. (Mai rubuta mini, rubuta da kyau: har maƙwabta na kira su ga gwaninta.)

Ranar da Rabi ta zo dubiya, ɗaki cike da dangin Malam, ni na fara baki.

"Man da kika aiko na gyara shi. Nan gaba ki tafi da babba kasuwa."

Ta shinshina kwalbar, ta zauna.

"Inna, ɗacin nan fa shi ake nema. Shi ne ake sa ran yana taimakon ƙashi."

Yayar Malam ta ce, "To, ashe man albasa ake ba ɗan'uwana."

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi mini sauƙi.

Rabi ta sha rantse mini cewa mai ba ya ɗora ƙashi, ajali ne. Na ji. Abin da na koya dai shi ne, abin da ban sani ba in tambaya kafin in hura wuta, sai dai na koya ba ni da wanda zan dafa wa.

Bai ƙara takawa ba. Ranar da zai cika, da hantsi, na kawo sabon man, ɗanye. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya kama hannuna.

"Hauwa, naki ya fi daɗi."